Shin Ko Kun San? Kukan Talakan Ingila a Ƙofar Ƙaramar Hukuma

A Ingila, aikin ƙaramar hukuma ya wuce kwasar shara da cike ramukan titi. Ita doka ta ɗora wa nauyin sama wa marar gida wurin kwana, da kula da tsohon da ƙarfi ya ƙare masa, da nema wa yaro mai nakasa makarantar da ta dace da shi. A waɗannan fannoni uku aka fi jin kukan jama'a. Kuma manyan masifun da za ku gani a ƙasa, kusan duk da ɗan ƙaramin koke suka faro, wanda wani ma'aikaci ya karɓa ya tura cikin fayil.

Wa ake kai wa ƙara?

Shin ko kun san cewa tun 1974 dokar Ingila ta kafa ofishi mai zaman kansa wanda aikinsa shi ne binciken koken da mutane ke kawowa a kan ƙananan hukumomi? Ombudusman ake ce wa shugabansa, tsarin da Suwidin ta faro a 1809. A 2017 aka ƙara wa ofishin suna domin ya nuna har gidajen kula da tsofaffi na 'yan kasuwa suna ƙarƙashin idonsa. Kai ƙara can kyauta ne, ba a buƙatar lauya.

Shin ko kun san cewa a farko mutum ba shi da ikon zuwa da ƙafarsa? Sai ya bi ta hannun kansila, wato ɗaya daga cikin 'yan majalisar da yake ƙara. Sai a 1988 aka buɗe wa kowa ƙofa.

Ko kun san akwai sharuɗɗa biyu? Na farko, sai ka fara kai kukanka ga ƙaramar hukumar kanta, ka ba ta dama ta gyara. Na biyu, kada ka bari wata 12 su wuce daga ranar da ka san da matsalar, in ba da ƙwaƙƙwaran uzuri ba.

Shin ko kun san cewa koke-koken da ofishin ya karɓa a shekarar aiki ta 2024 zuwa 2025 sun haura 20,000? Ba dukansu ake zurfafa bincike a kai ba, mafi yawa tun a tantancewar farko ake sallamarsu. Amma cikin waɗanda aka bi diddigi, kashi 83 cikin 100 an samu hukuma da laifi. A ɓangaren ilimi da kula da yara, abin ya zarce tara cikin goma.

Ko kun san wannan ofishi ba kotu ba ne? Ba ya korar ma'aikaci, ba ya ɗaure kowa, shawara kawai yake bayarwa: a ba da haƙuri a rubuce, a biya diyya, a sake duba maganar, a gyara tsarin aiki. Duk da haka sama da kashi 99 cikin 100 na shawarwarinsa ana aiwatar da su. Makaminsa kunyatarwa ce. Yana wallafa hukuncinsa a intanet da sunan ƙaramar hukumar ɓaro-ɓaro, shi kuwa mai ƙara a sakaya sunansa. In laifin ya yi girma ya fitar da rahoto na musamman, hukumar ita da kanta za ta sanar a jaridun garin cewa an bincike ta.

Shin ko kun san cewa ƙofofin biyu ne, kuma ana yawan ruɗewa? Tun Afrilun 2013, wanda ke haya a gidan ƙaramar hukuma, in rufi ya yi yoyo ko an ƙi yi masa gyara, wani ombudusman daban na gidaje zai nufa. Wanda ba shi da gidan ma sam, ko aka zalunce shi a layin jira, shi ne ke zuwa ofishin farko.

Gidaje

Shin ko kun san cewa a ƙarshen shekarun 1970, kusan gida ɗaya cikin uku a Birtaniya na ƙaramar hukuma ne? A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba 'yan haya damar sayen gidajen da rangwame mai yawa. Kimanin gidaje miliyan 2 aka sayar a Ingila, ba a kuma gina madadin da ya kai ko kusa da haka ba. Sukotland ta soke tsarin a 2016, Wels ta bi sahu a 2019.

Ko kun san iyalai sama da miliyan 1.3 ne ke layin jiran gidan gwamnati a Ingila? A wasu unguwannin Landan, mai neman gida mai ɗaki uku zai iya aurar da 'yar da ya shiga layi tana goye kafin a kira sunansa.

Shin ko kun san cewa a 2025 iyalan da ke zaune a masaukin wucin gadi sun haura 130,000, cikinsu akwai yara fiye da 160,000? Kuɗin da ƙananan hukumomi ke kashewa a kan wannan a shekara ya wuce fam biliyan 2. A 2024, ƙananan hukumomin Landan kaɗai sun ce fam miliyan 4 suke zubawa kowace rana.

Ko kun san doka ta hana a ajiye mace mai ciki ko iyali mai yara a ƙaramin otel na kwana da karin kumallo fiye da mako 6? Irin wannan masauki ɗaki ɗaya ne, uwa da uba da yara, ba madafa tasu, banɗaki kuma a yi tarayya da baƙin da ba a sani ba. Karya wannan wa'adi na cikin laifukan da aka fi kama ƙananan hukumomi da su, inda mako shida kan koma wata shida.

Shin ko kun san cewa alƙaluman mutuwar yara na ƙasar sun nuna zama a masaukin wucin gadi ya taimaka wajen mutuwar yara 74 tsakanin 2019 da 2024? Guda 58 daga cikinsu ba su cika shekara ɗaya ba.

Ko kun san wani rahoton talabijin ne ya tona asirin wani bene na ƙaramar hukumar Croydon, a kudancin Landan, a watan Maris na 2021? Kyamarar ITV ta nuna ruwa na ɗiga daga silin ta ramin ƙwan lantarki, darduma ta jiƙe jagab, bango ya yi baƙi ƙirin da funfuna, mutanen gida sun jera bokitai suna tara ruwa suna zubarwa. Binciken da aka yi daga baya ya gano cewa shekara huɗu ana kai rahoton yoyon.

Shin ko kun san cewa akwai dokar Ingila mai ɗauke da sunan wani yaro ɗan asalin Sudan? Awaab Ishak ya rasu a garin Rochdale a Disamban 2020, kwana takwas bayan ya cika shekara biyu. Gidan da suke haya na wata ƙungiyar gidaje ne da ta karɓi gidajen ƙaramar hukumar garin a 2012. Tun 2017, kafin ma a haife shi, mahaifinsa ya kai koken funfuna, aka ce masa ya shafe ta da fenti. Banɗakin ba taga, fankar fitar da tururi ba ta aikin kirki, madafa ma ba injin zuƙe danshi. Wata ma'aikaciyar lafiya ta rubuta wasiƙa tana nuna damuwa kan lafiyar yaron, shiru. Su kuwa ma'aikatan gidajen, ba tare da sun tambayi iyalin ba, suka yanke cewa ai irin wankansu da bokiti ne ke jawo laimar. A Nuwamban 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar da cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfuna ce ta lalata masa numfashi.

Ko kun san abin da Dokar Awaab ta tanada? An sa ta cikin dokar gidaje ta 2023, ta fara aiki ranar 27 ga Oktoba, 2025. Haɗarin gaggawa, awa 24. Koken laima ko funfuna mai tsanani, a bincika cikin ranakun aiki 10, a kawar da haɗarin cikin ranakun aiki 5 bayan binciken. Wanda aka saɓa wa na iya zuwa kotu.

Shin ko kun san cewa mazauna benen Grenfell sun hango gobarar da ta ci su? A lokacin, benen mai hawa 24 mallakar ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ne, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi arziki a Birtaniya. A Nuwamban 2016 ƙungiyar mazauna ta rubuta cewa da alama sai an yi mummunar asarar rayuka kafin a saurare su. Ranar 14 ga Yuni, 2017, gab da ƙarfe ɗaya na dare, wuta ta tashi daga wani firji a hawa na huɗu, ta kama fallayen da aka lulluɓe jikin ginin da su, ta haye sama cikin mintuna. Mutum 72 suka rasu. Azumin Ramadan ake yi, kuma Musulmin da ba su kwanta ba na cikin waɗanda suka fara bubbuga ƙofofin maƙwabta. An canza fallayen zuwa masu arha ne don a rage kimanin fam 300,000. Rahoton ƙarshe na binciken gobarar da Sir Martin Moore-Bick ya jagoranta, a Satumban 2024, ya ce duk mutuwar da aka yi abin da za a iya kauce wa ne, kuma masu kula da ginin sun riƙa kallon masu ƙorafi a matsayin 'yan neman fitina. Kukan kurciya jawabi ne, sai dai ba a samu mai hankalin ganewa ba.

Kula da tsofaffi da yara

Shin ko kun san cewa asibiti kyauta ne a Ingila amma jinya a gida ba kyauta ba ce? Tun 1948 aka raba hanya: magani na hukumar lafiya ta NHS, wanka da ciyarwa da ɗaga marar ƙarfi kuma na ƙaramar hukuma, bayan an auna aljihunka. Shi ya sa mai ciwon daji zai sha magani ba ko sisi, mai cutar mantuwa kuwa ya sayar da gidansa don biyan gidan kula da tsofaffi.

Ko kun san duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa? Tun 2010 wannan adadi yake nan daram, alhali farashin komai ya tashi. Sukotland kuwa tun 2002 ta mai da irin wannan hidima ta jiki kyauta ga tsofaffi.

Shin ko kun san cewa an fi shekara goma ana alƙawarin sa iyaka ga abin da mutum zai kashe? Kwamitin Andrew Dilnot ya ba da shawarar fam 35,000 a 2011. Daga baya gwamnati ta tsayar da fam 86,000, za a fara a Oktoban 2023, aka ɗaga zuwa 2025, sai a Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta soke shirin ɗungurungum. An sake kafa wani kwamitin ƙarƙashin Louise Casey, rahotonsa na ƙarshe sai 2028.

Ko kun san irin koken da aka fi kawowa a nan? A daɗe ba a zo an tantance buƙatar tsoho ba. A aiko da takardar bashin watanni a lokaci ɗaya ba tare da an taɓa bayyana wa iyali kuɗin ba. A ce wa dangi su yi ciko alhali ba a nuna musu wani gidan da kuɗin hukuma zai isa ba. Ga kuma ziyarar minti 15, inda mai jinya za ta shigo, ta tayar da tsohuwa, ta ba ta magani, sannan ta zaɓa tsakanin kai ta bayi da haɗa mata abin kari, don wani gidan na jira.

Shin ko kun san cewa 'yan Najeriya na cikin manyan masu riƙe da wannan aiki? Guraben da ba kowa a aikin jinya sun kai kimanin 165,000 a 2021 zuwa 2022, sai aka buɗe biza ga masu jinya daga waje a Fabrairun 2022. Indiya da Najeriya da Zimbabuwe ne kan gaba wajen cika su. A Maris na 2024 aka hana su tahowa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga ƙetare.

Ko kun san mutuwar wata yarinya 'yar Kwaddibuwa ce ta sauya dokar kare yara a Ingila? Victoria Climbié ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 tana da shekara 8, a hannun 'yar'uwar da aka ba riƙonta da saurayin matar. An ƙirga tabo 128 a jikinta. Ma'aikatan jin daɗin jama'a da 'yan sanda da asibitoci biyu duk sun san da ita. Binciken Lord Laming ya haifar da dokar yara ta 2004. Shekara uku bayan dokar, a ƙaramar hukumar Haringey, inda ita ma Victoria ta zauna, wani yaro ɗan wata 17 ya rasu bayan ma'aikata sun gan shi kusan sau 60.

Ilimi

Shin ko kun san cewa yaro mai buƙata ta musamman yana da takardar haƙƙi da kotu ke iya tilastawa? Dokar 2014 ce ta kawo ta, ana taƙaita sunanta da EHCP. A ciki ake rubuta taimakon da zai samu a karatu da lafiya da kulawa, kuma tana iya bin sa har shekara 25. Masu irin wannan takarda kimanin 240,000 ne a 2015. A Janairun 2025 sun haura 630,000.

Ko kun san mako 20 doka ta ba ƙaramar hukuma ta kammala takardar? A 2024, waɗanda aka fitar a kan lokaci ba su kai rabi ba. Babban dalilin da hukumomi ke bayarwa shi ne ƙarancin masana halayyar yara da za su yi gwajin.

Shin ko kun san cewa in iyaye suka ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman ta wannan fanni, kusan kullum su ke nasara? Cikin shari'o'in da aka kai ga yanke hukunci, sama da kashi 95 cikin 100 iyaye ke samun duka ko wani ɓangare na abin da suka nema. Amma kafin a zo nan yaro ya yi asarar watanni, kuma sai uwa mai ilimi da lokaci da juriya ke iya kaiwa ƙarshe.

Ko kun san yaron da aka kora daga makaranta, daga rana ta shida nauyin karatunsa ya koma kan ƙaramar hukuma? Haka wanda rashin lafiya ta hana shi zuwa aji. In ta yi sakaci, diyyar da ombudusman kan ba da shawara tana kamawa daga fam 900 zuwa 2,400 a kowane zangon karatu da ya salwanta.

Shin ko kun san har motar makaranta haƙƙi ce? Yaron da bai kai shekara 8 ba, in makarantar da ta dace mafi kusa ta fi mil 2, kyauta za a kai shi. Daga shekara 8 zuwa sama, mil 3.

Ina kuɗin?

Shin ko kun san cewa ƙaramar hukuma a Ingila na iya shelanta cewa asusunta ya kasa? Ma'ajinta ne ke fitar da sanarwa ƙarƙashin sashe na 114, daga nan a tsayar da duk sabon kashe kuɗi sai wanda doka ta wajabta. Northamptonshire ta yi a 2018, aka rushe ta a 2021 aka raba gida biyu. Croydon da Slough da Thurrock da Woking da Nottingham suka biyo baya. A Satumban 2023 sai ga Birmingham, wadda ta fi kowacce girma a ƙasar, da bashin da zai iya kai fam miliyan 760 na matan da aka daɗe ana biya ƙasa da maza.

Ko kun san ba duka laifin talauci ba ne? Babban ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ce tallafin gwamnatin tsakiya ya ragu da kusan rabi tsakanin 2010 da 2018, wannan gaskiya ne. Amma Woking dogayen benaye da otel ta ci bashi ta gina, Thurrock kuma gonakin lantarki na hasken rana ta zuba wa kuɗin aro. Sannan amsa wasiƙa, ko gaya wa mutum gaskiyar inda maganarsa ta tsaya, ba sa cin kasafi.

Shin ko kun san cewa harajin gida da ake biyan ƙaramar hukuma a Ingila har yau da farashin gidaje na Afrilun 1991 ake lissafa shi?

A gida Najeriya fa?

Shin ko kun san cewa shekara ɗaya kacal ke tsakanin ofishin Ingila da namu? A 1975, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka kafa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, shi ne shugabanta na farko. Tana da ofis a kowace jiha, kai ƙara kyauta ne, kuma huruminta ya haɗa da ƙananan hukumomi. Ita ma dokarta ta sa wa'adin wata 12.

Ko kun san ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye? In kuɗi ya iso sakatariya, uzurin cewa gwamna ya riƙe ya faɗi, tambayar rufin firamare da maganin ɗakin shan magani ta dawo kan ciyaman.

Shin ko kun san abin da mai bincike ke fara nema, a can ko a nan? Takarda. Yaushe ka kai koken, wa ya karɓa, me aka ce maka, wa'adin nawa doka ta bayar, kwana nawa aka ƙara a kai. Saboda haka in za ku kai ƙara, ku rubuta, ku sa kwanan wata, ku ɗauki hoton ɓarnar da waya, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku, kuma kada ku bari shekara ta zagayo kuna jiran "a dawo gobe".